Kun Tambaya: An Gama Sakandare, Jami'a Za a Nufa Ko Shagon Oga?

Tun ranar da aka saki sakamakon JAMB wayata ba ta huta ba. Abin da na lura shi ne, yawancin masu aiko da saƙo iyaye ne, yaran da abin ya shafa kuwa sun yi gum. Na tsamo guda shida daga cikin irin waɗanda aka fi aikowa. Sunaye na cire su, kamar yadda muka saba.

Wata uwa daga Gusau ta ce: "Malam, ɗana ya rubuta JAMB sau biyu yana neman likitanci. Bara ya ci 231, bana 244, har yanzu shiru. Mahaifinsa ya ce ya zauna ya rubuta na uku, don duk dangi babu likita. Ni kuma ina ganin zaman ya fara lalata shi, barci da rana, latsa waya da dare. Ina mafita?"

Hajiya, da farko ki cire wa ranki cewa yaron nan ba ya ja. Wanda ya ci 244 cikin 400 a Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ya yi karatu. Matsalar ta kujera ce. Jami'a ba ta da ikon ɗibar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Majalisar da ke kula da aikin likita ta ƙasa, wato MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ƙarfin asibitin koyarwarta. Masu nema dubbai, kujeru 'yan ƙalilan. Shi ya sa makin da ake sanarwa a rediyo yake ruɗa iyaye. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. To wannan makin na shiga zaure ne kawai. Kowace jami'a da nata makin a cikin gida, kowane sashe da nasa, na likitanci kuwa shi ne can ƙuryar ɗaka.

Kafin a yanke wani hukunci, a fara duba ko yaron ya cika ƙa'ida ma tukuna. Ya buɗe shafinsa na JAMB, ya shiga sashen da ake kira CAPS, wato inda ake ba da gurabe, ya ga ko sakamakonsa na WAEC ko NECO yana ciki. Na taɓa ganin yarinya mai maki mai kyau ta rasa gurbi shekara guda cur, ba don komai ba sai don ta yi rajista tana jiran sakamako, da ya fito kuma ba wanda ya koma cibiyar rajista ya ɗora shi. Jami'a ba za ta ɗauki wanda ba ta ga kiredit ɗinsa ba. Sannan jami'o'i da yawa suna son mai neman likitanci ya haɗa kiredit biyar ɗin da ake buƙata a zama ɗaya, ba a tattaro biyu daga WAEC uku daga NECO ba. In nan ne matsalar, ko 300 ya ci sai dai haƙuri.

A kuma duba wace jami'a ya zaɓa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya ta fuskar boko. Ɗan Zamfara da ya zaɓi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta ya fi samun ƙofofin shiga a kan wanda ya tsallaka can nesa don suna.

In duk wannan lafiya lau ne, maki ne kawai bai kai ba, ra'ayina shi ne kada a sake ajiye shi shekara ta uku hannu rabbana. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in ta wuce ya tashi a banza. Darussa huɗun da ya rubuta su ne ake nema a harhaɗa magunguna, da jinya, da gwaje-gwajen asibiti, da gashin ƙashi, da ɗaukar hoton asibiti, da likitan dabbobi. Wasunsu ma da zafi, amma ba kamar likitanci ba, kuma duk mai su yana da lasisin aiki a hannunsa. Ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita ya canja kwas tun ana ɗauka. Abu ɗaya zan ja kunnenku a kai: kada wani ya ce masa ya karɓi ilimin sassan jiki ko makamancinsa wai in ya shiga aji biyu za a mayar da shi likitanci. Ana samun wanda ya dace, amma ba alkawari ba ne, kuma da yawa sun shiga da wannan niyya sun ƙare shekara huɗu suna karanta abin da ba sa so.

In kuwa shi yaron ne da kansa ya kafe sai likitanci, ba mahaifinsa ba, akwai hanyar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Karatun kusan shekara guda ne a makarantun share fage, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ita ma ba sauƙi gare ta ba, amma dai ya tashi da safe ya tafi aji, ya fi kwanciya.

Shi kuma maigida, kada ki tunkare shi da gardama. Ki sa yaron ya tattaro makin da jami'ar ta yanke a bara da bana ya ajiye masa a gaba, in da hali a samu wani kawu ko malamin da yake jin nauyinsa ya zauna da su. Likitanci shekara shida ne, ga shekarar horo a asibiti, ga bautar ƙasa. Mai ɗaukar wannan kaya shi ya kamata a fara tambaya ko wuyansa zai iya.

Wani ɗalibi daga Kano: "Akwai wani a unguwarmu da ya ce in kawo naira dubu 150 zai samo mini gurbi a jami'a, yana da hanya a ciki. Ya nuna mini takardun waɗanda ya yi wa. In biya?"

Kada ka biya, ɗana. Tun 2017 duk wani gurbi na halak ta CAPS yake bi: makaranta ta miƙa sunanka, JAMB ta amince, kai kuma ka shiga shafinka ka latsa ka karɓa, sannan ka fitar da takardar shaida daga shafin hukumar. Gurbin da bai bi ta nan ba, ko ka zauna a aji shekara huɗu, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa za ka ga naka babu. Masu irin wannan "hanya" kala biyu ne. Akwai mai buga takardar bogi a kafe. Akwai kuma mai wayo, wanda zai karɓi kuɗin mutum goma ya naɗe hannu ya zauna. Uku su samu gurbi da ƙoƙarinsu ya ce shi ya yi, bakwai ya ce musu a bari sai jerin sunaye na biyu.

Tunda maganar ta zo, ga wata da ta fi wannan cin mutane. Layin wayar da ka tura lambar NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 ka karɓi lambar rajista, ka riƙe shi kamar ranka. Ya zama naka, ba na mai kafe ba, ba na yayanka da zai tafi Legas ba. Haka adireshin imel da kalmar sirri. Kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da WAEC da JAMB. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a takardar firamare, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi wata da watanni.

Wani uba, ɗan kasuwa a Funtuwa: "Yarona ya gama sakandare da kiredit huɗu, babu Lissafi. Ya ce shi ba ya son jami'a, aikin sola da wayarin yake so ya koya. 'Ya'yan abokaina duk suna jami'a, ni kuma ina jin kunyar a ce nawa yaron shago ne. Na tilasta masa?"

Alhaji, Allah ya ba ka yaron da ya san abin da yake so yana ɗan shekara goma sha bakwai, kana neman ka mayar da kyauta. Ka leƙa rufin gidaje da shaguna da masallatan garinku ka ƙirga farantan sola, sannan ka tambayi kanka su wa ke ɗora su, su wa ake kira in batir ya ƙi caji. Ka tuna kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas ɗalibai suna gida. Waɗanda ke da sana'a a hannu ba su san zafin zaman ba.

Sai dai zan faɗa maka inda iyaye ke kuskure. Wanda zai kai ɗansa jami'a yakan yi bincike, ya yi tambaya, ya sayi fom. Wanda zai kai shi koyon sana'a kuwa sai ya kama hannunsa ya danƙa wa oga na farko da ya sani, ya ce "ga amana," ya juya. Bayan shekara uku a tarar yaro bai iya komai ba sai sayo abinci da wanke babur ɗin oga. Zaɓen oga daidai yake da zaɓen jami'a. Kada ka dubi girman shago. Ka tambayi yara nawa ya yaye, kuma ina suke yanzu. Ka nemi biyu daga cikinsu ka ji ta bakinsu ba a gabansa ba. Ogan da yaransa suka buɗe nasu wuraren kuma har gobe suna zuwa gaishe shi, shi ne malami. Wanda yake da ƙatti shekara bakwai a ƙarƙashinsa ba wanda ya tsaya da ƙafarsa, lebura yake nema.

In ka samu wanda ya kwanta maka, a zauna a yi magana a fili, a rubuta, da shaidu, ko mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar. Shekara nawa za a yi, da kuɗin koyo ko babu, wa ke ɗaukar abincin rana da kuɗin mota, yaushe zai fara fita aiki da kansa, in ya lalata kayan mutane wa zai biya, da abin da za a yi masa ranar yaye. Na san za a ce ai wannan rashin yarda ne. Ba haka ba ne. 'Yan kasuwar Ibo sun daɗe da tsarin da yaro zai yi wa ubangidansa hidima na shekarun da aka yanka, a ƙarshe a sallame shi da jari, kuma kowa ya san sharaɗin tun ranar farko. Mu kunya ke hana mu faɗa, daga baya a zo ana jin haushin juna.

Sannan kada a saki takarda. Lissafin nan da ya faɗi, ya sake zama ya rubuta shi a jarrabawar 'yan waje ta WAEC ko NECO, ko ta NABTEB wadda dama ta 'yan fasaha ce. Ba don jami'a kaɗai ba: mai aikin sola da bai iya lissafin nauyin wutar gida da girman batir da kaurin waya ba, ƙona wa mutane kaya zai yi, wataƙila har da gida. Idan hannunsa ya faɗa, ya je ya yi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda ake farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai kuma takardar ƙwarewa ta NSQ da hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da ita, wadda ake auna mutum da abin da hannunsa ya iya; har masu sana'a na kasuwar Panteka an shigar cikin tsarin. Ranar da kamfani ko gwamnati za ta ba da aikin sa sola a asibiti, mai takarda ake kira, gwanin da ba shi da ita sai dai ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ku leƙa ofishin hukumar samar da aikin yi ta NDE da na asusun horar da ma'aikata na ITF na jiharku ma, sukan buɗe horo lokaci zuwa lokaci.

Ranar da ya cike kiredit biyar, ƙofar foliteknik a buɗe take ya karanta injiniyan lantarki, kuma zai shiga aji ya riga ya san waya mai wuta da marar wuta. Maganar abokai kuwa, Alhaji, su ne za su fara neman lambarsa in an ɗauke wuta.

Wata ɗaliba daga Azare: "Na samu gurbin difloma a fannin kwamfuta a foliteknik, amma ƙawayena suna cewa foli ta waɗanda suka rasa jami'a ce. In karɓa ko in jira baɗi?"

'Yata, ki karɓa. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu akwai wuraren aiki, musamman na gwamnati, da ke fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen ƙarin girma. An daɗe ana kokawa a kai. Amma dubi lissafin. Ƙaramar difloma shekara biyu ce. Daga nan hanya ta rabu biyu: ko ki yi shekara guda ta sanin makamar aiki ki dawo ki yi babbar difloma shekara biyu ki tafi bautar ƙasa kamar kowa, ko kuma, in sakamakonki ya yi kyau, ki sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ki faɗa aji biyu a jami'a. Ƙawar da ta zauna jiran baɗi, in ta samu a baɗin a aji ɗaya za ku haɗu, in ba ta samu ba kuwa ki wuce ta, ke kuma da takarda ɗaya a jaka. Ga 'ya mace wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in maganar aure ta taso a tsakiya, gara ta same ki da abin da kika kammala.

Abin da za ki bincika kafin a biya kuɗin makaranta shi ne ko NBTE ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar. Amincewa kwas-kwas ake yi, ba a makaranta ɗungurungum ba. Wannan gargaɗin ya fi shafar masu rububin ƙananan makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu da suka cika gari. Farin gini da yunifom ba su ne shaida ba. In hukumar da ke ba da lasisin wannan aikin ba ta san da makarantar ba, an yi asarar kuɗi da shekaru.

Wani kawu daga Sakkwato: "An ce a Kwatano ana gama digiri da wuri, ba JAMB, ba yajin aiki. Ina so in tura ɗan ƙanwata."

Malam, mota 'yar Kwatano daban, digiri ɗan Kwatano daban. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo digiri daga can cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, da Togo. Ba ina cewa duk makarantun can na bogi ba ne, amma wanda ya yi karatun gaskiya ma yanzu sai ya sha tambayoyi. Duk wata jami'ar waje, ko a Nijar take ko a Sudan ko a Masar, kafin ka biya ko sisi ka je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ka tabbatar ana karɓar takardarta. In likitanci ne ko jinya ko harhaɗa magunguna, ka sani in ya dawo sai ya ci jarrabawar majalisar aikin a nan gida kafin ya taɓa majiyyaci. Dillalin da ya ce maka digiri na shekara huɗu zai ƙare a ɗaya da rabi, kuɗinka yake so.

Wani maraya daga Potiskum: "Na samu gurbi a jami'ar tarayya amma kuɗin rajista ya fi ƙarfin mahaifiyata. An ce akwai bashin gwamnati, ina tsoron riba. Kuma dole ne sai na sayi laftof kafin in tafi?"

Barka da arziki, ɗana, Allah ya sa albarka. Asusun da kake nufi shi ne NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a 2024. Bashi ne marar ruwa, abin da ka ci shi za ka biya. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ba ya biyowa ta hannunka, in ka nemi na ɗawainiya kuma ana sa maka wani abu a asusunka duk wata. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na abin da kake samu. Da kanka za ka cike a shafinsu, da lambar JAMB da NIN da BVN, kuma ba a biyan kowa ko kwabo. Amma bashi bashi ne, ku zauna da mahaifiyarka ku yi shawara, in zuciyarka ba ta natsu ba ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Matsalar da za ka iya fuskanta ita ce lokaci: wani sa'in wa'adin rajista yakan zo kafin kuɗin su iso. Don haka tun yanzu ka je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka ji yadda suke yi da masu jiran asusun, ka kuma nemi fom ɗin tallafin karatu na jiharku, wanda shi kyauta ne ba bashi ba.

Laftof kuwa, a ajin farko ba dole ba ne, sai in kwamfuta ko zanen gini ko injiniya za ka karanta, su ma za ka iya lallaɓa zangon farko da waya mai ɗan girman allo. Kuɗin da ke hannu a fara biyan rajista da wurin kwana. In lokacin saye ya yi, ta hannu mai kyau ta fi sabuwa mai araha. Ka tafi da wanda ya san kan abin, a kunna ta a gabanka, a cire caja a ga ko batir zai riƙe awa biyu, a gwada kowane maɓalli, a tabbata ma'adanarta irin ta SSD ce kuma ƙwaƙwalwarta ba ta gaza giga 8 ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sunan shago, don a makaranta za a iya tambayarka shi a bakin ƙofa, in kuma ta sata aka sayar maka, shi ne zai fitar da kai.